Jirgin Kore Ne

A Olhão, bayan kasuwar kifi,
akwai gidan da aka shekara sittin ana cusa sadin a gwangwani.
Yanzu an shafe bangon da farar ƙasa,
an rataya fitilu, an ce ɗakin zane ne.
Ni ke riƙe da makulli.
In an kwana ana ruwa, ƙarni kan taso daga siminti
kamar tsohon ma'aikacin da bai ji an sallame shi ba.

Ran Asabar muka buɗe baje kolin unguwa.
Babu shahararre ko ɗaya.
Custódio mai aski ya kawo tsuntsayen teku goma sha ɗaya,
kowanne da fuskar surukinsa.
'Yan makaranta sun manna ɓawon kawa a kwali.
Zulmira mai gidan burodi ta zana kyanwarta,
ta sa mata kuɗin da ko saniya ba ta kai ba.
Aka zuba zaitun a faranti,
mai akodiyon ya samu wuri a bakin ƙofa,
shugaban unguwa ya yi ta jawabi har ƙanƙara ta narke a kofuna.

A kusurwar da a da ake tara kawunan kifi
Telma, 'yar shekara sha tara, ta rataya nata:
jirgin masunta, shuɗi, yana fita da asuba.
Daga wani tsohon hoto mai baƙi da fari ta ɗauko shi,
a kwandon gwanjo ta tsinta.
Launin kuwa, ita ta ba shi.

Sai ga Dona Ermelinda da sandarta.
Shekara talatin ta yi a tsaye a nan, daidai nan,
wuƙa a hannu, har gishiri ya cinye mata zanen yatsu.
Ta wuce tsuntsaye, ta wuce kyanwa,
ta ja ta tsaya.
Na kawo mata kujera, ko kallonta ba ta yi ba.

"Kore ne," ta ce.
Telma ta matso: "Na'am?"
"Jirgin. Kore ne.
Ni na riƙe wa Albano gwangwanin fenti ran da ya shafa shi.
Ya ɗiga mini a takalmi, muka kwana ba ma magana."

Ba ta ce jirgin bai dawo ba.
Duk wanda ya haura sittin a ɗakin ya sani,
mai akodiyon ma ya ɗage yatsunsa.

Yarinyar ta ce za ta gyara, gobe-goben nan.
Tsohuwa ta girgiza kai.
"Bar shi. Koren ya riga ya tafi.
Wannan shuɗin ban san shi ba,
wataƙila shi mai dawowa ne."

A daren ba abin da aka saya sai kyanwa,
ita ma Zulmira ce ta biya kanta.

Tun daga ranar, kullum ƙarfe huɗu,
nakan ji sanda tana ƙwanƙwasa duwatsun titi.
Ba ta sa hannu a littafin baƙi.
Takan tsaya gaban jirgin, minti goma, sha biyar,
kamar mai jiran wani a gaɓa,
sannan ta juyo ta ce mini tagogin nan na son wanki.

Jibi za mu sauke komai,
masu ɗaukar hoto ke da bango wata mai kamawa.
Telma ta ce in naɗe shi in kai mata gida kyauta.
Na faɗa mata. Ta ce a'a,
ɗakinta ƙarami ne, teku ba za ta shiga ba.

Jiya da na zo kashe fitilu
na ga wani abu a gefen katakon zanen, can ƙasa:
ɗigon fenti, kore, girman ƙwayar wake,
bai gama bushewa ba.

Tsumma na hannuna.
Na mayar da shi aljihu, na ja ƙofa.